Muryar mahaifinmu tana cikin wayar da ta daina jin taɓi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida shugabannin wannan zaure da dukkan 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Na roƙi admin ya sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin na kai inda tunanina ya daina yi mini amfani.

Kafin wannan abu ya same ni, na yi imani cewa idan wayoyi biyu suka zo da suna ɗaya da fuska ɗaya, to abu ɗaya ne, duk abin da ya shiga wannan zai shiga waccan. Shekarata hamsin, na yi jami'a, ina aikin gwamnati a Talata Mafara, kuma ban taɓa tsayawa na binciki wannan imani nawa ba, saboda ban ga dalilin yin haka ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne a Bakura. Shekarar da na sauke farali, lokacin wayoyin shafa sun fara shigowa, na sayo wata a can Saudiyya. Ƙarama ce mai kauri, tana da ɗan tsinke da ake zarowa daga gefe a danna gilashin da shi, a ƙasan gilashin kuma akwai madannai uku, kore da ja da na tsakiya. Da ita na riƙa ɗaukar karatun Malam duk ranar da na je gida. Ina ajiye ta a kan buzu kusa da gwiwarsa, ɗalibi ya ja baƙi, shi kuma ya fassara kalma bayan kalma da irin Hausarmu, ya tsaya ya yi tari, ya yi wa wani faɗa, ya ci gaba. Da ya rasu sai mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta ce a bar mata wayar. Na yi mata saiti yadda idan ta danna na tsakiya, ta taɓa kusurwar sama da tsinke, sannan ta taɓa ƙasa kaɗan, karatun zai tashi. Ba ta karanta boko, idanunta ma sun yi rauni, amma hannunta ya haddace wuraren. Kullum da hantsi, bayan ta karya kumallo, sai ta kunna. A cikin wani ɗauka akwai inda Malam ya katse karatu ya ɗaga murya ya ce, "Wai ba kowa cikin gidan ga ne? Awaki sun shigo muna zaure!" Sama da shekara goma, duk lokacin da aka zo wurin nan sai Inna ta amsa, "Ga ni nan tahe, Malam." Jikoki suna dariya, ita ma tana yi.

Bara gilashin ya mutu, ya koma baƙi ƙirin. Ba mu ma sani ba sai da na je na gani, domin ita ba kallonsa take yi ba, tana taɓa wurarenta karatu yana tashi. Na so na tafi da wayar Mafara a duba, ta ce, "Na Mafara," haka take kirana, "abin da ka magana lahiya lau, mi za a gyara mai?" Na ƙyale ta. Da damina ta tsaya sai taɓin ma ya daina aiki. Wayar tana kunnuwa, tana yin ɗan kukanta na tashi, tana girgiza a hannu, amma ko'ina aka taɓa shiru. Ban firgita ba a lokacin, domin ina da yaƙinin karatun yana kan katin memori. Na zare katin na sa a kwamfutar ofis, sai na tarar da hotuna kawai. Ashe irin wannan waya tana ajiye sautin da ta ɗauka a cikin cikinta, kuma ko an haɗa ta da kwamfuta ba ta buɗe komai sai an taɓa gilashin an ba ta izini.

Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar Mafara, mutum mai haƙuri da gaskiya. Ya bayyana mini cewa fuskar hawa biyu ce, akwai gilashin da ke nuna hoto, akwai wata siririyar leda a samansa da ke jin danni, kuma duka biyun sun tafi. Ya ce an daɗe da daina kawo kayanta, sai dai a samo irinta a ciro. Na shiga cigiya. Na tambayi abokan aiki, na aika Gusau, na aika Sakkwato. Daga ƙarshe aka ce mini akwai wani dattijo a Tsibiri ta wajen Maradun, tsohon ɗalibin Malam, da yake riƙe da irinta har yanzu kuma tana aiki. Kun san yadda hanyar Maradun take a wannan zamani, amma na hau mashin na je. Da na ga wayar a hannunsa, irin tamu ce sak, suna ɗaya, tsinke ɗaya, madannan nan uku. Na faɗa masa buƙatata, na ce zan saya masa sabuwa. Ya ɓata rai ya ce in don muryar Malam ce, ko idonsa aka ce a ciro zai bayar, ya cire layinsa ya miƙo mini.

Mai gyara ya buɗe su biyun a gabana, ya ɗaga fuskar ta dattijon, sai ya nuna mini inda matsalar take. Bel ɗin da ke haɗa gilashi da injin wayar, na tamu mai faɗi ne kuma ta dama ya biyo, na tasa siriri ne ta hagu. Ya ciro batir ya nuna mini lambar da ke ƙasa. Lambobin duka ɗaya ne, sai harafin ƙarshe kaɗai ya bambanta. Ya ce kamfani ya yi ta kala-kala, wadda aka kai ƙasashen Larabawa daban, wadda aka kawo nan daban, akwai ma ta uku mai kyamara a gaba. Shi kansa bai taɓa buɗe irin tamu ba sai ranar. Wajen mayar da ta dattijon kuma bel ɗin ya tsage, saboda ya tsufa ya bushe. Na koma Tsibiri da sabuwar waya da ban haƙuri, ya karɓa don kada na ji kunya, amma tambayar da ya fara yi mini ita ce ko Inna ta ji muryar Malam. Na ce tukuna.

Yanzu abin da ya rage hanya biyu ce. Ta farko, a ci gaba da neman mai irin harafinmu, wadda ba mu san ko akwai sauranta a ƙasar nan ba, alhali batirin ya fara kumbura, kuma mai gyara ya nuna mini tsatsa tana cin gefen injin. Ta biyu, akwai wani a Kano da aka ce yana ɗaga 'yar ƙwayar da ke riƙe da ajiya da zafin wuta, ya karanta ta a wata na'ura. Na yi magana da shi, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce wani lokaci a samu komai, wani lokaci zafin ya kashe ƙwayar, kuma in an ɗaga ta wayar ba za ta ƙara tashi ba har abada.

A nan muka rabu da 'yan uwana. Yayata da ke aure a Maradun ta ce ba ta yarda a kai wuta kusa da ita ba. Hujjarta ita ce muddin wayar tana girgiza, muryar tana nan, kuma in na kai aka ƙona, ni ne na binne Malam karo na biyu. Ta faɗi haka tana kuka. Autanmu kuma, wanda ya gaji zauren, ya ce duk mun ɗora wa kanmu wahala. Kowa ya san muryarsa ta yi kama da ta Malam, har mutane kan juyo in yana karatu. Ya ce zai zauna ya karanta darussan nan yadda Malam ke yi, a sa a wata waya a ba Inna, tunda jinta ya ragu, kuma abin da take nema natsuwa ce. Na ce masa wannan yaudarar uwa ce ko da niyyar ta yi kyau. Ya ce ni da na yi boko na fi son ta zauna cikin kewa don na tsira da tsabtar hannuna. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ban tabbata ƙarya ya faɗa ba. Na sha tambayar kaina ko tsoron zunubi ne ya hana ni, ko tsoron a ce ni na yanke hukunci.

Bai jira ni ba. Ranar wata Juma'a na iso gida na tarar ya riga ya yi, har da tarin, har da maganar awaki. Ya kunna mata muna zaune. Ta saurara tun daga farko ba ta motsa ba. Da aka zo wurin awakin na dubi bakinta, ba ta amsa ba. Da ya ƙare ta ce, "Auta, karatunka ya yi kyau ƙwarai. Allah shi yi ma albarka." Sannan ta juyo wajena ta tambaye ni ko an fara girbin gero a Mafara.

'Yan uwa, ku gaya mini abin da zan yi. In kai ta Kano a sa mata wuta, alhali yayata ba ta yafe ba, kuma in ta ƙone ba ni da abin da zan faɗa wa kowa? Ko in ci gaba da jira ina kallon tsatsa tana ci, ga Inna shekaru sun ja? Ko in zauna in faɗa mata komai ta zaɓa da kanta, in ɗora wa tsohuwa nauyin da ni na kasa ɗauka? Idan kuma akwai wanda ya sayo wayar shafa mai tsinke a Saudiyya a waɗancan shekaru, tana kwance a akwati ko durowa, ko da ta mutu, don girman Allah ya cire batirin ya duba lambar, ya sanar da admin.

Da can duk zuwana sai Inna ta tambaye ni ko an gyara. Tun daga ranar Juma'ar nan ba ta sake tambaya ba.