Tiyo ɗaya, pompo biyu

Asabar, 20 ga Afrilu 2024

Abdul'aziz ya iso daga Yamai da akwatin gilashi mai tsawon gadon yaro, da kifaye bakwai a leda. Wai na Baba ne, ya riƙa kallo tunda ba ya iya fita. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya yi nauyi. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi. Ƙanena ya zo da kifi, gida ya cika da shewa kamar an yi haihuwa.

Lahadi, 21

Ya fara haɗawa a ɗakin Baba. Ruwa zai gangaro daga akwatin sama zuwa wani ƙarami da ke ƙasa, a tace shi, pompo biyu su mayar da shi sama. Ɗaya na aiki da kuran, wato wutar lantarki, ɗaya da batirin hasken rana, don in wuta ta ɗauke ɗayan ya ci gaba. Dabarar ba laifi, na yarda.

Shekara ashirin da biyu ina aikin plombiye, wato haɗa bututun ruwa, a Damagaram, a hannun Baba na koya. Amma Abdul'aziz wayarsa yake tambaya. Ni abin da ya ce mini kawai: "Yaya Yunusa, ara mini zarto."

Na ara masa mara kaifin.

Talata, 23

Na leƙa ƙarƙashin akwatin, na ga abin da na gani. Ya haɗe bakin pompo biyun a tiyo ɗaya, kuma bai sa klape ba, wato abin da ke hana ruwa komawa baya. Ranar da na kuran ya tsaya, na batirin zai turo ruwa, ruwan ya bi ta cikin mataccen ya koma ƙasa. Zai yi ta zagaye a nan kamar jakin da aka ɗaure, sama kuwa ko ɗigo.

Na buɗe baki, sai na ji Baba yana dariya. Dariya! Rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Ya kama hannun Abdul'aziz ya faɗi sunansa duka, har da "aziz" ɗin. Ni "Yu" yake ce mini, ya tsaya.

Na rufe bakina. Ai ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 25

Abdul'aziz ya koma Yamai. Maƙwabta na ta shigowa kallon kifi, kowa "Allah ya yi wa Abdul'aziz albarka." Ruwan da ake ƙarawa fa? Ni ke kai jarka layin pompo tun da safe.

Rakiya ta ce fuskata ta yi kamar na sha tsamiya. Matar mutum ma ba ta rufa masa asiri.

Baba na ta nuna ƙasan akwatin da hannunsa mai lafiya, yana kallona. Na gyara masa matashi na fita.

Litinin, 29

Kuran ya ɗauke tun hantsi, ina can Sabon Gari ina gyaran tankin wani. Rana kamar za ta narka ƙarfe. Bayan azahar Rakiya ta kira: "Ka zo, Baba na ta buga kwano a gado."

Na tarar da kifayen sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, pompon batiri na ta gurnani a banza. Biyu sun riga sun juya ciki sama, har da mai jan wutsiyar da Baba ke bi da ido.

Minti arba'in ya ɗauke ni. Na yanke mahaɗar, na ja wa kowane pompo tiyonsa har sama. Aikin da zan iya yi tun ranar Talata, ina shan shayi.

Da ruwa ya fara zubowa na juyo. Baba ba kifi yake kallo ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Ka... gani."

Shi ma ya gani, tun daga kan gadonsa. Kwana huɗu yana nuna mini. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Laraba, 1 ga Mayu

Na yi masa wanka. Bai kalle ni ba.

Lahadi, 5

Biyar ɗin suna nan lafiya. Na wanke soson tacewa, na ɗan rage ƙarfin pompon dama don yana wahalar da ƙananan. Ba wai sun dame ni ba ne.

Abdul'aziz ya kira da la'asar, na sa wayar a kusa da kunnen Baba. Da na gaya wa Abdul'aziz biyu sun mutu, sai ya ce, "Yaya, ni na ɓata, ko?" Muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami.

Kwana da kwanaki ina tanadin amsar wannan tambaya, mai zafi. Sai na ji bakina ya ce, "Kai ba ka sani ba. Ni na gani na yi shiru."

Baba ya miƙo mini kofinsa in zuba masa ruwa. Na zuba.