Dada, Bashin Gyaɗarki Ya Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ya mahaifiyata Dada.

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ni ne Sa'adu, autanki. Na san za ki ce yaushe na koyi gaisuwa haka, ni da nake faɗo miki tsakar gida ba sallama in sunkuci ƙuli-ƙuli da zafinsa. To, wata biyar ke nan da rasuwarki, kuma wata biyar yakan koya wa mutum abubuwa. Ku masu leƙe ta waya, ku karanta, amma ba da ku nake ba.

Akwai abin da ya faru ranar jana'izarki da ban taɓa gaya miki ba. Kafin a yi miki salla, Modibbo limaminmu ya juyo ya tambayi jama'a ko ana bin ki bashi, kuma wa zai ɗauka. Hamma Buba, babban yayana, bai iso daga Yola ba tukuna. Sai na ji bakina ya ce yana kaina. Wallahi har wani a sahun baya ya yi tari don ya danne dariya. Ni kuwa na ɗauka kuɗin gishiri ne da na magi.

Bayan sadakar arba'in, Mama Kwanye ta zo, ƙawar nan taki 'yar Michika mai sayar da gyaɗa a kasuwa. Ta yi kuka ta share, sannan ta buɗe littafinta. Buhu uku kika ɗauka ba ki kai ga biya ba, dubu ɗari da tamanin. A zauren mai unguwa, nan Sabon Layi, muka shirya zan riƙa kai mata dubu biyar duk Laraba. Ta sa hannu da boko, na sa da ajami.

Sati goma sha ɗaya ban yi fashi ba, Dada, ki shaida wannan. Sai damina ta sauka. Keke Napep ɗin da nake tuƙa wa wani Alhaji ya faɗa rami a hanyar Kolere, ƙafar gaba ta karye, Alhaji ya karɓe makullinsa. Laraba biyar ta wuce ban kai ko sisi ba.

Ba kunya ce ta fi damuna ba, kin san ni da kunya ba mu cika haɗuwa ba. Maganar malamai ce. Modibbo ya ce tunda na ɗauka a gaban jama'a, nauyin ya sauka daga kanki. Wani malami kuma mai wa'azi a bakin tasha ya ce ran mamaci yana rataye da bashinsa har sai an biya na ƙarshe. Ni karatuna na allo ne. Na iya doguwar ayar bashi da ka, na sha bulala a kanta, amma ban kai littattafan da ake raba wannan gardama ba. Idan na biyun ne ya yi daidai, ke nan duk Larabar da na yi fashi ke na bari a tsaye.

Na fara kiran Hamma Buba. Kin tuna shekarar da na buga masa waya ina kukan ƙarya cewa an kama ni, ya turo kuɗin beli, muka ci tsire ni da abokaina? Ranar kin bi ni da muciya kina dariya, kina cewa wata rana gaskiyata ma sai ta nemi shaida. To ranar ta zo. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yaba yadda na iya rawar murya, ya ce in sake wata dabarar. Ya kashe.

Wani abokina ya nuna mini bashin da ake ci ta waya, minti biyar kuɗi ya shigo. Har na sa sunana. Na tambayi Modibbo, ya ce biyan bashin mamaci da kuɗin ruwa wanka ne da ruwan kwata. Ban da haka an ce in ka makara sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon tozarci. Lambarki tana nan ban goge ba. Na fasa.

Sai injin markaɗenki. Modibbo ya ce bashi yana gaban gado, in an sayar an biya ba a yi laifi ba. Na kawo dillali har ya taya. Amma yayata Adda Mairo da shi take ciyar da marayunta uku tun da ta dawo gida. Ita dai ta ci gaba da wanke injin kamar mai yi wa amarya wanka. Na sallami dillalin. In sauke miki nauyi da abincin jikokinki? Anya za ki gode mini? Ko kuwa kina can kina cewa a sayar, ni ne ban ji ba?

Duk wannan lokacin na daina bin layin masu gyaɗa. In zan je neman aiki sai in zaga ta Yelwa, hula ta rufe rabin fuska. Shekaranjiya dubu ta cika. Ina laɓe bayan buhunan albasa sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Mama Kwanye ce. Ta ja ni har rumfarta, ta zaunar da ni a kan kujerar da kike zama, ta ba ni ruwa. Na shirya ƙarya uku, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ta ce shekara goma sha tana ba ki kaya, kuma ba sau ɗaya kika kasa ba. Idan babu sai ki zo hannu rabbana, ki gaishe ta, ki ce wannan satin babu, ku yi hira ki tafi. Da irin Hausarta ta ce mini, "Mamanka ya sha fashi, amma bai taɓa canja hanya ba."

Na gaya mata gaskiya duka. Muka sake shiri: dubu biyu duk Laraba har in sami keke, ranar Asabar kuma in yi mata lodin buhuna ta cire daga ciki. Ta ce mu koma wurin mai unguwa a sake rubutawa. Na ji sanyi, sai kuma na lissafa, na ga abin zai iya kai wata damina. Sauƙin da na samu, ke ce za ki jira shi?

Da ta buɗe littafin na ga har yanzu sunanki ne a saman shafin. Na roƙe ta ta soke ta sa nawa. Ta dube ni, ta tambaya ko wata tsiyar ce. Na bayyana mata abin da malamai suka ce. Ta ce ita a cocinsu ba ta san wannan ba, amma ta san ki. Ta ja layi a kan sunanki, ta rubuta Sa'adu da manyan baƙaƙe. Ta ce, "Ni da Mamanka mun gama. Kai nake bi."

Ban sani ba ko layin biro yana isa inda kike, Dada. Na koma wa Modibbo, ya ce mai bashi ta yarda, ɗa ya ɗauka, sauran na Allah ne. Mai wa'azin tasha ban koma masa ba, ina tsoron amsarsa.

Ya Allah, idan akwai sauran nauyi a kan Dada, Ka juyo shi kaina, ni ke da ƙafa da Laraba. Ka sanyaya mata kabari, Ka yi wa Mama Kwanye albarka a kasuwarta, Ka sa Hamma Buba ya karanta wannan ya yarda.

Ki ƙara haƙuri da ni kaɗan, kin saba.

Autanki,
Sa'adu