Faifan da Babu Suna a Jikinsa

Da sunan Allah mai rahama. Ni ne Almu, mahaifin Affan da Humaira. Ina rubuta wannan daga flat ɗina na Tottenham, hankalina garau. Likitocin asibitin Whitechapel sun duba ni ciki da bai, sun ce hanta ta gaji, kunnen hagu ya mutu, amma ba su sami komai a kai ba. Saboda haka kada wani ya ce ciwo ne yake magana.

Zan fara da yaba sana'ata, tunda babu mai yi mini. Aikin DJ aiki ne na manya. Kana tsaye a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda hukumar unguwa ba ta san da shi ba, gumin mutane yana ɗigowa daga rufi, ka ɗaga yatsa ɗaya, ɗaki ya yi ihu. Ina wani gwamna da ake yi wa haka? Sai dai shi gwamna gari ya waye yana gwamnansa. Ni kuwa gari na wayewa zan kinkimi akwatin faifai na nufi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka gama kiran sunana su wuce ni ba su gane fuskata ba. Na baro rumfar kaset a kasuwar Sabon Gari don in karanta akanta a London, na ƙare ina sayar wa 'ya'yan Turawa ƙara. Riba ce babba: kunne ɗaya, da bayan da ba ya miƙewa.

Na ɗaya. Abin da na bari na gado, ku kai wa Malam Abdul-Basit na masallacinmu ya raba yadda shari'a ta ce. Ba zai daɗe ba, don ba yawa gare shi ba. A binne ni nan inda aka binne mahaifiyarku Katumi. Kada kowa ya yi wahalar kai ni Kano, waɗanda suka san ni a can duk sun riga ni.

Na biyu. Manyan sifikun nan na abokina Bernard ne daga yau. Shi ya haɗa su da hannunsa, shi ya riƙa hawa da su benaye lokacin da muke rediyon ɓoye a saman dogayen gidaje. Affan, idan ya zo jana'iza, kada ka bar shi a bakin ƙofa yana murza hula. Ba Musulmi ba ne, amma ranar Juma'a shi yake tuna mini lokaci ya yi.

Na uku, kuma shi ne dalilin rubutun. Faya-fayai.

Na san abin da kowannenku yake shiryawa. Kai Affan, tun da ka tara gemu kake kallon kantocin nan kamar wuta ce take jirana a ciki. Ka riga ka yi booking ɗin motar shara a zuciyarka. Ban ga laifinka ba, ƙauna ce, ko da ta zo da ɗaurin fuska. Ke kuma Humaira, kin gaji hannuna, har kin fi ni iya haɗa waƙa da waƙa, kina so ki kwashe su zuwa ɗakinki. A kan wannan sana'a yayanki ya daina ɗaga wayarki. Sallah ta zo ta wuce, kun yi Idi a masallacin Regent's Park cikin taro ɗaya, kowa ya fita ta ƙofarsa. Ina gani, kunne ne ya mutu, ba ido ba.

To ku ji yadda muke aiki a zamaninmu. DJ ba ya barin abokin hamayya ya san waƙar da ta tayar da ɗaki. Sai mu jiƙa takardar tsakiyar faifai mu ɓare ta, ko mu liƙa fara a kai. Mai leƙe ya leƙo, ya ga fari fat. Dabarar kasuwa ce, na zo da ita tun daga rumfa. Kantar ƙasa gaba ɗaya haka take, babu suna ko ɗaya, ni kaɗai nake gane su.

A cikinsu akwai muryar mahaifiyarku.

Kuna ƙanana, ina gwada sauti a falo da rana tsaka, makirufo a buɗe, na'ura tana ɗauka. Katumi ta banko ƙofa ta yi mini faɗa da Hausarta ta zangon Kumasi, wadda take ce wa mace "ya". Ta ambaci sunayenku duka biyu, ta faɗi wata magana a kanku, sannan dariya ta ƙwace mata a tsakiyar faɗan. Na ɗauki wannan na kai aka yanka mini shi, wato aka buga shi a faifai guda, na ɗora kiɗa a ƙarƙashi. Ɗakuna sun yi ta maimaita faɗan matata da ƙarfi ba su san me suke cewa ba. Ita ta ce na mayar da ita abin dariya, amma ta sa na kunna mata sau da yawa.

Ba mu da wani bidiyo nata mai sauti. Kaset ɗin bikinmu ya lalace lokacin da ruwa ya shiga flat. Na tara muryoyin mutanen da ban taɓa gani ba har kantoci suna lanƙwasa, tata kuwa ɗan guntun nan ne kawai. DJ kunne ɗaya yake ba waƙar da ke tafiya, ɗayan yana cikin hedifon yana jin mai zuwa. Na ɗauka lokacin ɗaukar muryarta yana cikin masu zuwa.

Irin wannan faifan na yanka laushi gare shi. Duk juyin da allurar kunna faifai ta yi a kansa tana cin wani abu, kuma na riga na cinye mafi yawansa a kulob. Abin da ya rage kaɗan ne. Hannun da bai iya ba zai kashe shi a tashi ɗaya.

Na san wanne ne. Ba zan faɗa ba.

Na huɗu. Kada a raba kantar ƙasa, kada a fitar da ita daga flat sai ku biyu kun zauna kun nemo shi. Affan, ka zuba su a shara, ka zuba uwarka. Ba sai ka saurari kiɗa ba, Humaira ta san yadda za ta danne shi murya ta fito. Humaira, ke kika iya sa allura, amma Hausarki ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Za ki ji uwarki ta kira sunanki, ba za ki san me ta ce a kanki ba sai yayanki ya fassara. Wasiyyar ma da gangan na yi ta da Hausa, dole shi ya karanta miki. Idan kun same shi, ku kwafe shi a waya tun juyin farko. Sauran faya-fayan ku yi shawara, duk abin da kuka yanke tare na yarda.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ya fi tafin baƙi daɗewa. Ya jiƙan Katumi, ya yafe mini. Ku riƙe juna, don a garin nan ba ku da wani dangi bayan junanku. Makullin flat yana wurin Bernard, na ce kada ya ba mutum ɗaya.

To, cikinku wa zai fara buga wa ɗan'uwansa waya?