Bijimin da Na Ce Na Kuskure

Asabar, 14 ga Satumba

Da safe, rana ba ta gama leƙowa ta bayan dutse ba, na ga bijimin mus, naman dajin nan mai kama da barewa amma ya fi doki girma, a bakin ƙaramin tafkin da ke ƙasan sansaninmu. Hazo ya rufe ƙafafunsa, sai ƙirji da dogon hancin nan da ƙaho kamar an ɗora masa manyan shebur biyu. Bakin ƙahon hagu ya ɓalle. Yana cin ganyen bakin ruwa, numfashinsa na fita fari. Taku ɗari uku tsakaninmu, ko fiye.

Kawu Clifford ne ya ajiye ni a kan tudun, shi ya zaga ta gabas. Ya ce in ya zo kusa in harba, in da nisa in jira. Ni ne mai jira a gidanmu. Kututture suke ce min tun ina ƙarami, don zan iya zama wuri ɗaya har tsuntsu ya sauka a gwiwata. Karatu ya gagare ni, wannan bai gagare ni ba.

Ban jira ba. Ya juya zai shiga sarƙaƙiya, na danna kunamar bindiga. Na ga bayansa ya tashi ya rankwafa, kamar wanda aka nausa a ciki. Ya shige.

Kowa a nan ya sani, in ka ji wa mus rauni zama ake yi. Ka hura wuta, ka dafa shayi, ka sha, ka ƙara. Zai je kusa ya kwanta, jikinsa ya sandare, ka tarar da shi. In ka bi shi tashi zai yi, ya yi ta tafiya har ya ƙetare dutse. Na san wannan. Na ruga a guje.

Jini a ganye, baƙi-baƙi, haɗe da koren abin tumbi. Gaba kaɗan ga inda ya kwanta, ciyawa a danne, da sauran ɗumi. Ni na tashe shi. Ina jin ƙahonsa yana karya rassa yana hawa kwazazzabo.

Na sa takalmi na tura ƙasa kan jinin.

Kawu ya iso yana haki. "Ina yake?" Na ce na kuskure, ta sama ya bi. Ya dube ni, ya dubi bindigar, ya ce ba komai, bijimin bai ba da kansa ba ne yau.

A sansani Kaka Effie ta riga ta wasa wuƙaƙe, ta ji harbin. Ta mayar da su cikin tsumma ta zuba min shayi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ba komai. Tsohon sawu kawai. Burodin kasko na ajiye ban ci ba, na ce haƙori ne.

Litinin, 16 ga Satumba

Yau ma. Kawu ya yi ta karce itace da allon kafaɗar mus na bara, yadda bijimi ke yi da ƙaho in yana neman faɗa. A wannan wata ko kurman bijimi yakan amsa. Shiru. Ko saniya ba mu gani ba.

Wajen karyawa Kaka ta ce, ba ta ɗaga kai daga kofinta ba, "Dutsen nan ya rufe mana ƙofa. Wani ya yi wani abu."

Kowa ya dubi Rollie.

Rollie mijin Yaya Lorna ne. Mutumin kudu, direban babbar mota, bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna. Shekara biyu da aurensu, wannan ne karon farko da Kawu ya yarda ya biyo mu. Ran da muka taso, a gidan mai, gaban mutane, ya buga bayan motar ya ce, "Ku gyara firji, wanda ya fi kowa ƙaho za mu ɗauko!" Ba a faɗar haka. Cewa ake za mu je mu duba dutse. Dabba tana ji. Kawu ya yi tuƙin awa biyu bai kunna rediyo ba.

Rollie ya ɗaga hannu biyu. "To, ni ne. Kaka, ki ɗinke min baki, kin iya ɗinki."

"Zarena ba zai isa ba," in ji ta.

Aka yi dariya. Har da ni. Tawa ta ma fi ƙarfi, na ji ta da kunnena.

Talata, 17 ga Satumba

Hankaki uku sun wuce ta kan tanti, sun nufi kwazazzabon. Da yamma na ƙirga tara. Ban nuna wa kowa ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Dusar ƙanƙara ta sauko har rabin dutse. Kwana huɗu ko biyar ya rage mana kafin hanya ta lalace. Rumfar shanya nama tana tsaye ba komai a kai. Kaka ba ta cin naman kanti, ta ce warin leda yake. In ba mu samu ba, haka za ta yi hunturu a kan shayi da shinkafa da abin da maƙwabta suka miƙo.

Kawu ya yanke hukunci. Gobe Lorna za ta sauka gari da mota ta kawo mai, Rollie zai bi ta, ba zai dawo ba. Ba bana kawai ba, haka na fahimta. A gaban kowa ya faɗa, a hankali, yadda yake faɗar komai.

Rollie ya ce, "Na ji, Kawu." Ba wasa a ciki. Ya ɗauki gatari ya yi ta faskare har ya tara wa Kaka itacen da zai kai mako.

Lorna ta same ni a bakin rafi ina wanke tukunya. Idonta ja.

"Wendell, kai Kawu yake ji. Ka yi masa magana."

"Me zan ce?"

"Ka ce mutum ya yi kuskure sau ɗaya. Ka san kwana nawa ya yi yana koyon ɗaure kaya a bayan gida don kada ya ba ni kunya?"

Na ci gaba da gogar tukunyar da ta riga ta fita. Ta tsaya, ta tsaya, ta tafi.

Abin da nake ta gani shi ne bijimin yana tafiya da wannan ciki. Kwana nawa ya ɗauka.

Alhamis, 19 ga Satumba

An gama loda mota. Rollie ya sunkuya ya rungumi Kaka, ta ce ya sake ta kafin ya karya ta. Ya miƙo min hannu. "Kututture, ka kula min da su."

Ban karɓi hannun ba. Na ce, "Na same shi."

Ba wanda ya gane. Sai da na sake. Na ce ran Asabar ban kuskure ba, a ciki na same shi, na bi shi da gudu na tashe shi, na rufe jinin. Muryata kamar ta wani. Lorna ta kashe motar.

Na so Kawu ya yi ihu. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Kwana biyar," ya ce. Sai kuma, "Ɗauko wuƙarka."

Kaka ba ta dube ni ba sam. Rollie ta duba, ta ce, "Sauke jakarka, ɗana." Ba ta taɓa ce masa haka ba.

Mu uku muka hau. Ba sai an bi sawu ba, hankaki sun nuna hanya, daga baya wari ya karɓa. Bai ma yi nisa ba. Awa ɗaya da rabi daga tafkin, a wani lungu ƙarƙashin bishiyoyi. Da na faɗa a ranar, da yamma ta yi muna gasa haƙarƙari.

Beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, ta riga mu. Ta ci cinya ɗaya, ta tura ƙasa da gansakuka ta rufe saura. Kawu ya ba Rollie bindiga ya ce ya tsaya kan dutse ya yi ta surutu da ƙarfi don ta san muna nan. "Yau dai bakinka zai yi amfani." Rollie ya yi ta ba wa bishiyoyi labarin tayoyin mota.

Ƙahon hagu, bakin a ɓalle. Shi ne.

Naman ya yi kore, ya kumbura. Abincin gida uku na hunturu ɗaya. Na yi amai sau biyu. Kawu ya jira na gama, ya nuna wuyan. Na yanka na ciro maƙogwaron, yana zamewa a hannuna. Na rataye shi a reshe ta inda iska ke shigowa, yadda ake yi wa kowane wanda aka kashe don numfashinsa ya koma dutse. Ana yi ne da jini ɗanye a hannu, ana murna. Ban taɓa ganin an yi wa ruɓaɓɓe ba.

"Yi masa magana," in ji Kawu.

Na fara a zuci.

"Da baki. Ba ni ka yi wa ba."

Na faɗa. Ba zan rubuta ba.

A hanyar dawowa ya karɓi bindigata ya rataya tare da tasa.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ni ke ɗebo ruwa, ni ke wanke-wanke. Ba wanda ya sa ni. Lorna ba ta min magana. Kaka ta miƙo min shayi ba sukari, ban sani ba ko mantuwa ce.

Asabar, 21 ga Satumba

Kawu ya samu. Matashin bijimi, ƙaho ƙanana, harbi ɗaya, ƙasan sansani. Rollie ya buɗe baki zai yi ihu, ya rufe da hannunsa biyu. Kaka ta yi dariya har da tari.

An bar ni na yi fiɗa. Hanci da ɓargo na Kaka ne. Ni ban ci ba, ba a kuma ce in ci ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Tun safe muke jigilar nama zuwa mota, ni da Rollie, sawu shida. Ya ɗauki cinya a baya, ɗaurinsa bai kwance ba ko sau ɗaya. Ya iya.

A sawu na huɗu muka zauna hutawa a tudun da na yi harbin. Na daɗe ina juya maganar. Na ce, "Ka yi haƙuri da abin da aka ɗora maka."

Ya ce, "Ai ka yi gudu ran nan. Ban san Kututture na da ƙafa ba."

Na dube shi.

Ya nuna wani dutse can sama da mu, hagu da tafkin. Ya ce cikinsa ne ya murɗa da asuba, waken Lorna, ya hau can don kada a ji shi daga tanti. Yana tsugune ya ga bijimin, ya ga na ɗaga bindiga, ya ga bayan ya rankwafa. Har takalmina ya gani.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Korarka aka yi."

Ya gyara igiyar kafaɗarsa. "Da na faɗa, da ka zama wanda aka kama. Ni kuma an saba da bakina, ƙanena. Kai ba ka saba ba." Sai ya ce in tashi, naman Kaka ba zai kai kansa mota ba, kuma in na gaya wa Lorna zancen waken zai musa.

Sauran sawu biyun ya yi ta zuba, tayoyi, wani kare da ya taɓa yi, ban san me da me ba. Ban ji ya dame ni ba. Wataƙila gajiya ce.

Zancen bindigata kuwa, Kawu ya ce baɗi sai ya gani. Ban roƙa ba. In an ba ni tudu, akwai wurin mutum biyu a kai, in Rollie zai iya yin shiru, wanda ba na tsammani.

Kwana takwas ina ɗauka ni da bijimin ne kawai a bakin tafkin nan ran Asabar. Ashe mu uku ne. Yayana Rollie ya gani.