Ni Na Ƙona Motar Famfon, Matata Ke Ɗauke da Laifin

Assalamu alaikum Admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san zagi ya dace da ni, amma shawara na zo nema.

Ni mai gyaran wuta ne a yankin Kura, naɗin kwayil ɗin motar famfon ban ruwa, wato injin lantarkin da ke juya famfo, shi ne sana'ata tun ina saurayi. Da manoman rani suka fara komawa sola, sai aka kawo wani horo na mata a kan inbata, wato akwatin nan da ke karɓar wutar sola ya ba mota daidai abin da za ta iya ɗauka. Ni na sa matata ta shiga, ni nake kai ta a babur, a raina ina cewa ta samu abin rage zaman gida. Ashe Allah ya ba ta kan abin. Za ta tsuguna gaban mota, ta goge ɗan farantin ƙarfen da ke jikinta, ta karanta folt da amfiya da gudun juyawa, ta shigar da su cikin inbata ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji famfo ya tashi a hankali babu fizga. Ni in ja waya, ita ta yi saiti.

Da farko ina alfahari. Daga baya sai wayata ta yi ƙara, in ɗauka, in ji an ce, "Malam, Injiniya na kusa?" A majalisa aka koma kirana mijin Injiniya. Ina taya su dariyar dole. Ni da na tsufa da waya a hannu, yau ni ne ɗan rakiya? Kuma wallahi ba ta taɓa ɗaga mini kai ba. Koya mini ma take yi. Ta taɓa nuna mini wata lamba ta ce, "Baban Hanifa, wannan ita ce mai gadin mota. In famfo ya shaƙi laka mota ta fara wahala, ita ke sa inbata ta yanke wuta kafin kwayil ya ƙone."

Kwanakin baya muka je aiki gonar tumatir ta wani Alhaji a wajen Bunkure. Inbatarsa ta fi ƙarfin motar, don haka ta natsu sosai a kan saitin. Da ruwa ya zubo cikin fangali, Alhaji ya dube ni gaban leburorinsa ya ce, "Malam, ka yi dace da mata. Kai dai ka riƙa riƙe mata jaka." Kowa ya kwashe da dariya, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ta tafi gindin mangwaro ta yi sallar azahar, aka bar ni in rufe murfin akwatin. Jama'a, tana sujada na shiga saitin na ɗaga lambar nan sama da abin da motar za ta jure. Na ce wa kaina ɗan zafi kawai za ta yi, a kira ni in duba. Ƙarya nake. Wa ya fi ni sanin yadda kwayil ke ƙonewa?

Ba a daɗe ba ruwan kanal ya ja baya, famfo ya shaƙi laka, inbata ba ta yanke ba, mota ta ƙone ƙurmus. Tumatir na tsakiyar fure, ga rana, kafin a samo injin aro furen ya zube da yawa. Muka je, warin ƙonannen kwayil ya tarbe mu. Ta buɗe saitin, ta dubi lambar, ta dubi farantin, ta sake duban lambar. Ina tsaye a bayanta ina kallo. Ta miƙe ta ce, "Alhaji, laifina ne, ni na sa ba daidai ba. Ka yafe mini." Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Dama aikin wuta sai maza." Na buɗe baki? Ban buɗe ba.

Ni na naɗa motar, ta dawo garau, ana ta yabona. Yanzu ni ake kira. Ga abin da ya fi ba ni kunya: akwai wani lungu a zuciyata da ya ji daɗi, har yau bai gama mutuwa ba. Wane irin miji ne ni?

Ita kuwa ta ɗora jakar aikinta saman wadirof. Matar da ba ta mantuwa, yanzu sai ta sa gishiri a miya ta dawo tana tambayata ko ta sa. Rannan tana wanke-wanke ta tsaya ta ce, "Baban Hanifa, wallahi na tuna na sa daidai, har na sake dubawa. In idona zai yi mini ƙarya haka, da me zan ƙara yarda?" Na ce kowa na kuskure. Ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, ka rufa mini asiri." Addu'ar nan ta fi mari zafi.

Jiya wasu manoma daga Kadawa suka aiko, ba su damu da abin da ya faru ba, ita suke so ta saita musu sabuwar inbata. Ta ce in gaya musu ta daina, kuma in kai jakar wa wata ƙawarta da suka yi horo tare, kada kayan su lalace a banza. Jakar tana ɗaure a bayan babur ɗina yanzu haka, na kasa tayar da shi.

In na faɗa mata, za ta dawo da yarda da kanta, amma za ta sake yarda da ni? Ga haƙƙin Alhaji, in ya ji abin da na yi, sunana ya mutu a yankin nan. In kuma na yi shiru, ina kallo baiwar da Allah ya yi mata za ta bi ruwa, ta ci gaba da gode wa wanda ya cuce ta.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?