Cokalin Kawu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Allah Ya yaye maka shi. Mu nan muna yadda ka bar mu. Maigidan yana kan hanya da babbar motarsa, sai ya yi sati uku ba mu sa shi a ido ba. Goggo ba ta iya zura zare a allura yanzu, amma bakinta yana nan da kaifinsa. Ni kuma ina shagon wanki da guga daga safe har la'asar, ƴata Ƴar Lele tana kan katifarta a ƙarƙashin teburin ninke kaya.

Ranar da ka tambaye ni zancen makarantarta a waya, na ce maka layi ba kyau. Ƙarya na yi, Yaya, layi lafiyarsa lau, bakina ne ya kasa. Ka san makarantar nan ta yara masu lalura ba ta karɓar yaro sai wanda zai iya kai abinci bakinsa da kansa, kuma ba ta karɓar wanda ya cika shekara takwas. Sau biyu suna mayar da mu. Wata mai kamawa Ƴar Lele za ta cika takwas ɗin, saboda haka gwajin bana shi ne na ƙarshe.

Tun ranar da likita ya ce ciwonta irin na Kawu ne, ƙanen Inna, wanda aka haifa da sandararrun gaɓoɓi, ba ni da wani abin dubawa sai shi. Idan zuciyata ta karye, nakan bi ta tashar mota in tsaya daga nesa ina kallonsa a rumfar jaridunsa. Yana miƙa jarida hannu na karkarwa, yana tsokanar direbobi da wannan magana tasa mai fita da ƙyar, su kuma suna jira ya ƙarasa kafin su fashe da dariya. Har yau yana cewa hannunsa ɗan adawa ne, in ya ce dama sai ya yi hagu. Sai in ce a raina, wanda ya kai shekara hamsin da biyar yana ci da kansa ga shi nan a gabana, to tawa ma za ta iya.

Ka tuna cokalinsa? Wanda marigayiya Inna ta lanƙwasa masa tun yana yaro, ta naɗe mariƙin da robar tayar keke, wanda Kawu ya taɓa yi maka dukan tsiya da ka ɗauka kana haƙa rami da shi? Wata goma da suka wuce na je na ce ya ara mini. Bai ko yi gardama ba, ya zaro shi daga aljihun gaba, ya goge a rigarsa, ya ce in gaida masa amaryarsa. Tun daga ranar, safe da yamma, nakan jingina Ƴar Lele da matashin kai biyu, in ɗaura mata tsohon tawul a wuya, in damƙa mata cokalin. Shinkafar da ta zube a ɗakin nan ta isa ta ciyar da layinmu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Wallahi na hura wuta iya ƙarfina.

Ranar gwajin sun zaunar da ita a wata kujera mai ɗamara, malamai biyu suna riƙe da takarda. Ta ɗebo, Yaya! Ta ɗago shi a hankali, harshenta a waje don ƙoƙari, har ya taɓa haɓarta. Sai hannun ya fizge, shinkafar ta watse a kan takalmin malamar. Sau uku aka ba ta dama, sau uku a haɓa yake tsayawa. Malamar ta ba ni haƙuri, ta ce doka ce ba ita ba. Ƴar Lele kuwa dariya take yi mini, ita a ganinta ta ci.

Washegari na kai wa Kawu cokalinsa da tsakar rana, lokacin da ban saba zuwa ba. Na same shi a bayan rumfa ya juya wa titi baya, ya kifa fuskarsa a cikin kwano yana ci da baki. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni duk zatona yana da wani. Wata goma ina ganin rigarsa tana yi masa yawa, ina cewa tsufa ne. Mai shayin da ke kusa da shi ya ce tun ranar da na karɓa Kawu bai sake cin abinci a gaban mutane ba. Na durƙusa ina kuka, shi kuma yana yi mini faɗa wai zan kore masa masu saye. Ya ce shi sai da ya kai sha uku cokalin ya fara shiga bakinsa, kuma Inna ba ta taɓa ƙirga masa shekaru ba. Na ce ai makaranta tana ƙirgawa.

Ya ƙi karɓar cokalin. Na kai wa mai walda ya yi irinsa har guda uku, duka suna juyewa a hannunsa, don wancan ya yi shekara arba'in da wani abu yana bin yatsunsa. Yanzu da safe yana wurin Ƴar Lele, da rana in rufe shago in kai masa a jaka, in tsaya ya gama, in wanke in dawo da shi. Ban san abin da nake koya mata don shi ba yanzu, tunda ƙofar ta rufe. Ina dai yi ne don ban san yadda ake dainawa ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan. Kawu ya sami Inna, kuma ya koya kafin ta tafi. Tawa har yau a haɓa take, ni kuma ƙafafuna sun fara kumbura saboda tsayuwar guga. Ba komai nake so ka aiko ba. Amsa nake so, kuma kada ka yi mini kara: in na riga ta tafiya, wa zai ƙarasa mata ɗan abin da ya rage tsakanin haɓa da baki?

Ka gaida uwargida, da Babban Mutum, da ƴan biyu, da Autar gida. Goggo tana gaishe ka, ta ce ka manta da ita. Kawu ma yana gaisuwa, ya ce har yanzu bai yafe maka ramin ba.

Ƙanwarka mai jiran amsarka.