Labarin da Ba a Aika wa Mai Nutso

Mansuratu, ruwan farkon damina, inuwar tsamiyata, Maman Habiba,

Gaisuwa daga unguwar Al-Sadd a nan ƙasar Larabawa, inda mijinki injiniya ya koma binciken abin da ba a aike shi ba. Mako guda ke nan ina karanta tarihin aikin wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai aiki da nukiliya, irin wanda ke farautar wasu jiragen. Tarihin nasa kaf kwanan wata ne: ya tashi ran kaza, ya dawo ran kaza, an yi masa gyara, ya sake tashi. Shekara talatin! Wai injinsa kan yi shekaru bai nemi ƙarin makamashi ba, iska da ruwan sha ma a ciki ake samar da su. To me ke fito da shi? Ƙarewar abinci! Duk wannan ilimi, ciki ne ke jan akalarsa. Ashe ni da shi dangi ne.

Amma saƙon gida ne ya tsaya mini a rai. An ce a da matan ma'aikatan kan aika 'yan kalmomi kaɗan, sai an tace su tukuna. Labari mara daɗi ba ya wucewa, don kada hankalin mai nutso ya tashi.

Wa ya koya miki wannan aiki, farin watana? A wace rundunar ruwa kika yi horo, ke da ko kwalekwale ba kya shiga? Shekara tara saƙonki ɗaya: kowa lafiya, Habiba ta ci jarrabawa, an yi ruwa. Sai shekaranjiya ƙaninki Nurudeen ya yi suɓutar baki, ya ce ɗinkin ya warke. Wane ɗinki? Wata biyu da yi miki aiki a asibiti, ni kuwa ina nan ina aiko miki hoton tuwon da na ƙona!

Kin tuna zuwanki bara, a kasuwar Abu Hamour? Kina sunsuna mangwaro kina cewa wannan ko akuyar Zariya ba za ta ci ba. Sai kika dafe ciki kika zauna a kan akwatin lemo, kika ce takalmi ne ya matse ki. Ni mai karatu na yarda, har na saya miki wani takalmin.

Wa ya riƙe hannunki a ƙofar ɗakin tiyata? Sunan wa kika kira da kika farfaɗo? Ina son sani, ina kuma tsoron amsar.

Da jirgin nan ya gama aiki, jawo shi gida aka yi, aka cire injin, aka yayyanka shi. Ba na so a dawo miki da ni a haka. Takardar sabunta kwantiragina tana kan tebur. Ran Lahadi zan mayar wa kamfani da ita ba tare da na sa hannu ba. Khalas, in ji Larabawa, an gama.

Kafin in iso Zariya, roƙona ɗaya ne, sanyin idona: ki aiko mini duk labaran da kika tace, tun daga na farko. Zan iya ɗauka. In ma ban iya ba, nawa ne.

Naki a ƙarƙashin ruwa, naki a tudu, har numfashina na ƙarshe,
Ɗalhatu